Rasuwar Kwalbar Haɗin Mangwaro ta Gidan Jonah Yamusa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Jonah Yamusa na Jikwoyi nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da 'yan cocinmu rasuwar kwalbar haɗin mangwaro ta ƙarshe a gidanmu. Rai ya yi halinsa a cikin kabad, bayan gajeriyar jinya.

An haifi marigayiya a ƙarshen lokacin mangwaro, a hannun surukata Mama Prudence. Da ƙafarta ta je kasuwar Zuba ta zaɓo ɗanyu masu tauri, ta dafa su da attaruhu, citta, albasa, tsamiya, sukari da ruwan khal har suka yi kauri. Ta tafasa kwalabe, ta kife su a rana suka bushe ƙarau, ta cika su da zafinsu, sannan ta kwarara man gyaɗa a sama har ya rufe komai. Wannan man shi take kira hula. Kafin ta koma ƙauye ta bar mana doka: kada a cire wa kwalba hula, kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga, kada a ajiye ta kusa da risho. Ta ce wadda ba a buɗe ba za ta yi watanni lafiya lau, wadda aka buɗe kuwa kwananta a ƙirge yake, balle a unguwar da firij ya koma kabad saboda rashin wuta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da surutu. Magana ɗaya muka san ta da ita, "ƙwas", idan an murɗa murfi. Wannan ƙwas ɗin ne yake tayar da matata Asibi daga kwance.

Asibi tana ɗauke da cikinmu na fari, kuma cikin ya zo da rigima. Tuwo ya dawo, doya ta dawo, ko ƙamshin shayi ba ta so. Abin da yake zama kawai shi ne farar shinkafa da cokali ɗaya na marigayiya. A wurin awo an ce nauyinta yana raguwa, idan ya ci gaba za a ba ta gado a sa mata ruwa. Sauran kwalaben sun riga mu gidan gaskiya bayan sun gama aikinsu. Wannan ce babbarsu, ba mu daɗe da buɗe ta ba, kuma da ita muke sa ran kaiwa gaci.

Ciwon ya samo asali ne daga zuwan yayana Obadiah, mutumin kirki, mai son taimako ko ba a nema ba. Ya ga mai yana yawo a saman kwalba, ya ce a ransa maiƙo ba ya yi wa mai ciki kyau. Ya tsiyaye hular tas, ya soya ƙwai da ita. Da yake kuma mai tsabta ne, sai da ya ɗauraye cokali da ruwa kafin ya ɗanɗana. Yayana ne, ba dama in yi masa faɗa. Na dai shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

Muka ƙara mata sabon mai, amma ina, aikin gama ya gama. Ta fara kumfa, murfinta ya kumbura, farar fumfuna ta fito mata a wuya. Na kai ta wurin maƙwabciyarmu Felicity, nas ce, ko za a kwashe saman a ci ƙasan. Ta shinshina, ta ce kada in kuskura in ba mai ciki. Da na murɗa murfin a karo na ƙarshe babu ƙwas. "Fiiis" kawai ta ce.

Ta rasu ta bar tukunyar shinkafa da babu mai ci, busasshen cokalinta da ke rataye shi kaɗai, Asibi, wanda ke cikin Asibi, da ni, da ban san inda zan sa kaina ba. Na zagaya Zuba, na zagaya Nyanya, duk mai kayan marmarin da na tambaya ɗanyen mangwaro a wannan watan sai ya dube ni kamar na tambayi nonon kaza. Mama Prudence ta ce ko a waya za ta koya mini haɗin, in dai an samu mangwaron.

Za a yi jana'iza gobe da safe a bayan gida, gindin gwanda, bayan Asibi ta fita awo, don har yanzu ba ta sani ba. Na ce mata kwalbar tana firij ɗin Felicity. Za a binne abin ciki kaɗai. Ita kwalbar za a tafasa ta a kife a rana, ta jira.

Ba a buƙatar shinkafar sadaka, muna da ita ta yi mana yawa. Duk mai zuwa gaisuwa, don girman Allah, idan akwai bishiyar da ta makara a garinku, ko ɗanye ɗaya ne a riƙo mana. Idan kuma kun haɗu da Asibi a hanya, kada ku ce mata ya haƙuri. Ku ce ya jiki, ku wuce. Rabonta da abinci tun jiya da rana.