Laccar da Na Yi wa Gwaggo Lami

Shi ne fa nake ce wa ƙawayena, ko komai zai fice daga kaina, ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Karshi ba. Har yau in ina wanke-wanke abin ya faɗo min, sai in tsaya da kwano a hannu, kunnuwana suna zafi. Amma bari in fara da Mami, don in ba ku san Mami ba, ba za ku gane irin ɓarnar da na tafka ba.

Mami 'yar yayata ce, Yaya Hadiza. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, Allah Ya ji ƙanta, shi ya sa ba ma kiran sunan. Da Mama na raye, gida Zariya Yaya za ta tafi wankan jego, tunda haihuwar fari ce. Da yake babu ita, sai gwaggon mijinta, Gwaggo Lami, wadda ta raine shi tun yana ƙarami, ta tattaro daga Karshi ta zo ta zauna da su a Kado har aka yi arba'in. Ni lokacin jarrabawar ƙarshe ta riƙe ni a makaranta, ko suna ban samu zuwa ba. Kafin in iso Abuja, Gwaggo ta koma gidanta. Sunanta kawai nake ji. An ce duk unguwarsu ita ake kira wankan jarirai, sai na zana ta a raina wata ƙatuwar mata mai murya. (An ce ta zo bikin Yaya, amma ni ranar ina can ina fama da ɗaurin ɗankwali, wa na kalla.)

Bayan arba'in da kaɗan aka je awo, wata nas ta lura ƙafar Mami ta hagu ba ta buɗewa kamar ta dama. Aka tura su hoto. Likita ya ce kan ƙashin cinyar bai zauna sosai a gurbinsa na ƙugu ba. Aka sa mata wani abin ɗauri mai laushi, hanes suke ce masa: bel a ƙirji, maɗaurai ta kafaɗa, wasu kuma sun sauka sun riƙe ƙafafun a buɗe, gwiwoyi a sama, kamar zaman kwaɗo. Ba a cirewa, dare da rana, sai in likita ne ya ce. Ranar da suka dawo da ita a cikinsa, Yaya ta miƙa min ita, ta shige banɗaki ta kunna famfo don kar mu ji kukanta. Mun ji.

Ni kuma sai na ɗauki waya.

Jama'a, na yi karatu. Ba ni da alaƙa da likitanci, tarihi na karanta, amma duk wani bidiyo na hanes da ke duniya sai da na kalla, har na wata mata da ban san yaren da take yi ba. Na iya cewa ba a tsoma yarinya a baho, sai dai a goge ta da tsumma mai ɗumi, a bi bayan gwiwa da matsematsi da wuya a busar, don nan ne fata ke saɓulewa. Na iya zura famfas ta ƙarƙashin maɗauran ba tare da na kwance ko ɗaya ba. Ba a ɗaga ta ta ƙafa, hannu ake sawa a ƙarƙashin ɗuwawu. Alamar biron da likita ya yi a jikin maɗauran kuwa, gadinta nake kamar iyakar gona. Mijin Yaya, wato Yaya Nura, in ya dawo daga ofis sai ya ce, "Ina Dokta Auta? Yaya mara lafiyarmu yau?" Ni fa ban taɓa ɗauka zolaya ba ce. Har matar da muke sayen kifi a wajenta sai da na yi mata bayanin ƙashin ƙugu, tana yanka tarwaɗa tana cewa "eyya, sori."

Abu ɗaya ne ke haɗa ni da Yaya. Ba ta so kowa ya gani. In za mu fita sai ta sa wa Mami doguwar riga mai faɗi da safa, ta goya ta, ta rufa mayafi. Dangin Yaya Nura kaf ba wanda ya sani.

Na ce, "Yaya, wannan fa ba abin kunya ba ne. Ɓoye-ɓoyen nan shi ke sa mutanenmu ba sa wayewa."

Ta ce, "Auta, ba ki gane ba. Ki bar shi kawai."

Na gane mana, a tunanina. Tsoron bakin mutane take, kar a ce ta haifi mai nakasa. Sai na ƙulla a raina cewa ni ce zan wayar da kan al'umma. (Ba wanda ya aike ni. Ku riƙe wannan.)

Ana haka bikin wata ƙanwar Yaya Nura ya taso, a gidansu na Karshi. Ba yadda za a yi Yaya ta ƙi zuwa. A mota ta juyo ta ce min, "Gaisawa kawai za mu yi mu fito. Mami a bayana za ta zauna. Ko na ba ki ita, kar ki buɗe mata riga a cikin mutane." Na ce to. Da muka isa, ita ta shiga gaida manya da goyonta, ni kuma na tsaya a ƙarƙashin rumfa ina ɗaukar hoton ankona. Da na bi ta, da na ga Gwaggo, da duk wannan bai faru ba.

Can aka zo aka ja Yaya, wai matan yayyen amarya su zo a yi hoto, kuma mai hoto ya ce ba da goyo ba. Ta kwanto Mami ta ba ni, tana kallona irin kallon nan. Ko juyawa ba ta gama yi ba, yarinya ta ɓata famfas. Na ɗauki jaka na leƙa wani ɗaki a gefe. Mata ne a zaune a tabarma suna ƙulla cincin da alkaki a leda, da wata 'yar tsohuwa siririya a lungu, tana ƙirga ledojin cikin kwando. Na yi sallama na nemi gefen katifa.

Tsohuwar ta ɗago, fuskarta ta washe. "A'a, ƙawata ce? Ɗazu uwarki ta hana ni ke, wai kina barci. Kawo min ita nan, 'yan mata."

Ai kowace tsohuwa haka take cewa in ta ga jariri, ko? Na ce, "Bari in gyara ta tukuna, Baba." Na kwantar da Mami. Zan iya juya musu baya in yi abina a ɓoye. Amma na ga mata har sun kai takwas, yawancinsu masu haihuwa, sai wani abu ya ce min ga aji ya samu. Na ɗage rigar har ƙirji.

Matan suka saki ƙullin leda suka zuba ido. Wata ta ce, "Subhanallahi, karaya ta yi?"

Abin da nake jira ke nan. Na gyara zama na fara. Na yi bayanin gurbi da kan ƙashi, har da dunƙule hannu ɗaya a cikin tafin ɗayan, yadda na gani a bidiyo. Na nuna musu yadda ake zura famfas. Na ce in an kama shi da wuri yana warkewa sarai. Da a nan na tsaya, da ma an yi min addu'a. Sai wata ta tambaya, "To me ke kawo shi?"

Na sani fa. Ina wajen lokacin da likita ya faɗa wa Yaya: Mami a zaune take a ciki har sai da aka yi aiki aka ciro ta, ga ta mace, ga ta 'yar fari, irinsu sun fi samun abin, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma wannan amsar ba ta da daɗin lacca. Akwai wata da na karanta, cewa naɗe jariri tam da ƙafafu a miƙe yana iya ƙara abin. Ita na ɗauko, na ƙara mata gishiri.

Na ce, "Wannan wankan namu na gargajiya ne. A kama ƙafar jariri a ja, a haɗa gwiwoyi, wai ana miƙar da shi, a naɗe shi a zani kamar ƙullin goro. Ita ma haka aka yi ta yi mata har arba'in. Tsofaffinmu ba su san illar da suke yi ba, su a ganinsu gata ne."

Matar da ke kusa da ni ta taka min ƙafa. Na ɗauka kuskure ne, na janye ƙafar na ci gaba. Wata ta yi tari. Na ce, "Wallahi da a wata ƙasar ne, wadda ta yi wa yarinyar nan wanka sai ta amsa tambayoyi."

Sai na ji muryar tsohuwar nan, a hankali, ba faɗa a ciki.

"Ni na yi mata."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ina riƙe da famfas mai kashi a hannu ɗaya, bakina a buɗe, Mami tana wutsil-wutsil da 'yan ƙafafunta tana dariya. Tsohuwar ta ajiye ledar da ke hannunta, ta matso da gwiwa har bakin katifa. Ta daɗe tana kallon maɗauran. Ta kai hannu kamar za ta taɓa ƙafar, sai ta janye, ta sa hannun a ƙarƙashin mayafinta.

"Tun yaushe take cikin wannan?"

Na ce, "Tun bayan arba'in, Gwaggo." Karon farko ke nan da na kira ta Gwaggo.

"Tun bayan tafiyata ke nan." Ta gyaɗa kai. "Shi ya sa Hadiza ta hana ni ita."

Daidai nan Yaya ta shigo da sauran murmushin hoto a fuskarta. Ta kalli rigar a ɗage, ta kalle ni, ta kalli Gwaggo. Ta zube a gabanta. "Gwaggo, wallahi ba ke ba ce. Likita ya ce da shi aka haife ta. Ga ta nan, ɗauke ta ki gani, lafiyarta ƙalau." Ta ɗago Mami tana miƙa mata.

Gwaggo ta ce, "A'a, ɗiyata. Riƙe ta. Kar in ƙara ɓata ta." Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. A waje kuma mai kiɗa yana ta kiran dangin ango su fito fili.

A hanyar dawowa har muka wuce Nyanya, Yaya Nura yana tuƙi kamar ba shi a motar. Na fi so a zage ni. Can Yaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin ɗauka kunyar 'yata nake ji? Matar nan ita ta yi min abin da Mama za ta yi min. Ita ke tashi ta dafa ruwa, ita ke ɗaga ni in ɗinkin ya hana ni tashi. Na san in ta ga abin nan za ta ce ita ce. So nake a cire shi, yarinya ta warke, ba ta taɓa sani ba." Sannan ta ƙara, "Kuma ko naɗin da kike faɗa ba ta yi mata ba. Cewa take zafin Abuja ya yi yawa."

Bayan sati na roƙi Yaya Nura ya kai ni wajen Gwaggo. Na durƙusa, na ce Gwaggo ki yafe min, ƙarya na yi, abin da likita ya faɗa daban. Ta sa aka kawo min kunun gyaɗa. Ta ce, "Ba komai, ɗiyata. Ke ilimi kika faɗa. Mu da ba mu yi boko ba, in ba a faɗa mana ba ina za mu sani?" Na ce ba ilimi ba ne, surutu ne. Ta ce, "Sha kununki kar ya huce." Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

An cire wa Mami hanes, hoto ya nuna ƙashi ya zauna, yanzu har tana bin bango tana janyo mana labule. Amma Gwaggo ta daina wankan jarirai. Matan unguwarsu sun yi ta aike, tana cewa hannunta ya tsufa. In mun kai mata Mami tana yi mata wasa, tana ce mata ƙawata, tana ba ta biskit, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta taɓawa. Ina lura. Ba na iya daina lura.

Yanzu Yaya tana da wani cikin, ya tsufa. Da Yaya Nura ya je ya ce Gwaggo ta fara shiri, sai ta ce masa, "Ku nemi ta asibiti. Ko ƙanwar nan tata, ai ta iya." Kuma ba gatse take yi ba, da gaske take.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, yaran firamare ma sun sani: in ka shiga ɗakin mutane, ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka ji ko su wane ne, kafin ka buɗe makaranta. Ni sai da na yi digiri na sa tsohuwa kuka sannan na gane.

To, ku da kuka karanta, in akwai wadda bakinta ya taɓa yi mata irin wannan, don Allah ta faɗa min yadda ta gyara. Ba ta'aziyya nake nema ba, dabara nake nema. Haihuwa ta kusa, baho yana nan a bayan ƙofa, kuma ni duk bidiyon da na kalla, ban iya wankan jariri ba.