Ranar da Na Shafa wa Goge Man Kujera

Shekara ashirin ina kafinta a Talata Mafara, kuma babu kujerar da na haɗa ta taɓa kunyata ni. To me zai ba ni tsoro a ƙwarya da fatar guza?

Wani tsoho mai goge daga Maradun ya kawo mini gogensa, fatar ta ɗaye a gefe. Ya ce, "Ɗana, liƙe nan kaɗai, ka aje shi inuwa kwana ukku. Kak ka taɓa komi."

Ni zai koya wa aiki! Na liƙe da gam, ya kama ƙam. Sai na ga kayan duk sun dushe, na ɗauko man da nake sa wa kujeru sheƙi, na shafe ƙwaryar, na shafe fatar, har gashin wutsiyar dokin da ke fid da sauti. Kyauta fa na yi masa.

Ranar wani biki a Bakura na zauna sahun gaba, ina jiran yabo. Tsoho ya ja baka, baka ya zame sulul. Ya sake ja. Ko sauro ya fi shi ƙara. Mata suka yanke guɗa.

Ya ɗaga gogen, ya nuna ni da shi. "Jama'a, ga wanda ya kashe shi, kuma ya yi mishi wanka!"

Babu wanda ya ce aikin ya yi kyau, alhali ya yi. Har yau in rediyon mai shayi ya yi shiru, sai a juyo a ce, "Kafinta, kai ka shafa mishi mai?"