Babban Farantin Kekena

Da farantin sarƙar kekena ya cinye, na nufi kasuwar Tambuwal ina ji da kaina. Mai gyara ya nuna min biyu, kuɗinsu ɗaya.

"Malam, ɗauki ƙaramin," in ji shi. "Wanga babba bai shiri da yashi."

Na yi masa murmushin tausayi. Wa ke barin ƙarfe mai yawa a banza? Na sa ya ɗaura min babban.

A hanyar Kebbe, ina shiga yashi, feda ta ƙi juyawa. Na sauka ina turi, har wani tsoho bisa jaki ya wuce ni yana min sannu.

Yanzu cinyoyina sun fara sabawa, bana zan kai Kebbe insha Allahu. Amma kullum na fito, maƙwabta sai su ce, "Malam, yau ma za a raka keke?"