Kanyar Lantana da Shataletalen Majalisa

A wani daji da hanya ɗaya ce tak take kaiwa tafki, dabbobi suna da wata al'ada. Duk wanda ya je birni ya dawo, sai ya tsaya gaban majalisa ya ba da labarin abin da ya gano, ita kuma majalisa ba ta tashi sai ta zaɓi abu guda daga ciki ta ce a kwaikwaya. Albarkacin wannan al'ada ne dajin ya samu wata katafariyar ƙofa a tsakiyar fili, ba ganuwa hagu, ba ganuwa dama, amma da mai gadinta.

Belbela Lantana ba da niyya ta yi tafiya ba. Gyangyaɗi ne ya kwashe ta a kan tozon wani bijimi, ta farka ta gan ta cikin tirelar shanu ana zabga gudu. Da ta ga abin ya zo da haka, sai ta gyara tsayuwa ta ce bari ta ba ido abinci. Ta sha yawo kafin ta dawo. Majalisa kuwa, da yake ba a san ta da gaggawa ba, ba ta neme ta ba sai da ta yi sheƙa a kan tsohuwar kanyar bakin tafki, ta saka ƙwai, ta fara kwanci.

Ranar zama ta sauko ta rusuna gaban shugaban majalisa, Ɓauna Tanko, ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga duniya. A Jos sanyi ya sa na tsaya da ƙafa ɗaya har na manta inda na ajiye ɗayar. A Sakkwato na taka kwalta da tsakar rana, ban ƙara ba. Kano kuwa, Allah mai mutane! Adaidaita sahu kamar fara, kowa na sauri, kowa ya fi kowa gaskiya. A Zariya wata tsohuwa mai waina ta kore ni da tsintsiya, da ta ga na ƙi tafiya sai ta jefo mini guntu tana zagina. Legas ruwa gaba ruwa baya, ka ji mutum biyu suna ihu ka ce yanzu za a ba hammata iska, ashe gaisawa suke yi."

Ita dai tana faɗa tana jin daɗi, don wainar nan har yau tana ranta. Ɓauna ya yi hamma ya ce, "Yarinya, mun ji sanyi, mun ji waina. Mu abin ci gaba muke tambaya."

Ta ɗan yi tunani ta ce, "To, kowane gari na shiga nakan ga wani wuri da hanyoyi suka haɗu, motoci suna zagaya shi kamar 'yan mata a dandali. Shataletale suke ce masa. A tsakiya a gina wani dogon abu da siminti, a shafe shi da fenti."

Magatakarda Nomau, wani goggon biri da bai taɓa wuce bakin dajin ba amma ya fi kowa sanin birni, ya yi tsalle ya miƙe. Ya ce, "'Yan majalisa, kun ji abin kunya! Mu nan dabba ta taso daga gida ta miƙe sak ta sha ruwa ta koma, ba zagaye ba komai, sai ka ce a zamanin jahiliyya. Da wane ido baƙi za su dube mu? Ina ba da shawara a yi shataletale a bakin tafki. A kayar da kanyar can, a gina ƙahonnin shugaba da jar ƙasa a gurbinta, yadda duk mai ƙishirwa zai zagaya su kafin ya sha."

Lantana ta yi sauri ta matso gaba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai mu hanyarmu ɗaya ce."

Nomau ya ce, "Sauran sa zo daga baya."

Ta ce, "Sheƙata tana kan kanyar nan, da ƙwai a ciki, sun kusa ƙyanƙyashewa."

Ɓauna ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, za a kafa mata kwamiti da zarar an gama sara. Sarkin Gara, wanda tun da aka ambaci itace yake haɗiyar yawu, ya ce don kishin ƙasa shi da jama'arsa za su fara aiki gobe da sassafe.

Tsoro ya kama Lantana, haushin kanta kuma ya fi tsoron yawa, don bakinta ne ya jawo. Ta ɗaga kai ta dubi sheƙar, ta dubi majalisa. Ta lura da abu guda: kuka ba ya shiga kunnen waɗannan manya, amma da an ce birni sai kowa ya miƙe wuya. Sai ta share ido ta sake rusunawa.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin shugaba, na rage abu ɗaya, gudun kada a ce na cika surutu. A birnin da na ƙare da shi, wanda ya fi duk sauran tituna masu faɗi, na ga wani babban mutum ya zo tsakiyar irin wannan wuri da jerin motoci. Aka kafa rumfa, aka miƙa masa shebur mai ƙyalli, ya zuba 'yar ƙasa a gindin itace, ya tsiyaya ruwa da buta. Jama'a suka yi ta tafi, maroƙa na cewa shi ne uban inuwa. Mai siminti kuwa ban ga wanda ya tafa masa ba."

Duk abin da ta faɗa ta gani da idonta. Abin da ta bari a ciki shi ne, ana naɗe rumfa wata akuya ta zo ta cinye dashen.

Ɓauna ya gyara zama ya ce, "Uban inuwa?"

Nomau ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan aka katse shi. Sarkin Gara ya nemi a ba shi dama ya yi magana, aka ce lokaci ya ƙure.

Washegari aka share zagaye a gindin kanya, aka tara dabbobi tun hantsi. Ɓauna ya iso a makare yadda ya dace da girmansa, ya tura ƙasa da kofato, ya fesa ruwa da baki, Nomau ya yi shela cewa yau shugaba ya dasa wa al'umma kanya. Daji ya ɗauka da guɗa. Lantana tana can sama kwance kan ƙwanta, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ta fi kowa ɗaga murya. Kafin sati ya zagayo 'ya'yanta suka fito, suna leƙen masu ƙishirwa suna kewaya gidansu cikin layi.

Bana za a yi bikin cikar kanyar shekara ɗaya da dasawa. An keɓe sahun gaba ga dattawan da suka tsinci 'ya'yanta suna yara.