Lauyan Kyauta

Wani ne can Gangara, shekara biyu da samun mulkin kai, ragon Buba makiyayi ya ɓace ran kasuwa, aka ce shi aka gani yana shafa masa wuya. Jandarma suka tasa ƙeyarsa sai kotun Maraɗi. In laifi ya tabbata, damina biyu zai yi a gidan kaso.

Yana tsare sai ga wani mutum da baƙar riga har ƙasa.

"Ni lauya ne. Ni zan yi magana a madadinka."

"Mi munka haɗa da kai? Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

"Ba mu haɗa komi ba. Doka ce ta ce a ba talaka mai kare shi, kyauta."

"Kyauta? Ba ko goro?"

"Ba ko goro."

Abin ya tsaya wa gogan naka a rai. Sata ba ta taɓa ba shi kunya ba, amma a ce baƙo ya yi masa wahala ya tafi hannu sake? Ina! Nan da nan ya aika wa matarsa Kande saƙo.

Ran shari'a lauya ya miƙe ya dage.

"Ranka ya daɗe, dubi bawan Allahn nan. Ko kaza ba ya da ita. An bincike gidansa, ba a ga ko igiya ba. Talauci laifi ne?"

Ya yi ta zuba har masinja ya share ƙwalla. Alƙali ya ce ba shaida, a sallame shi.

Ana fitowa sai ga Kande a bakin kotu, ta sauko daga motar gyaɗa, tana jan wani ƙosasshen rago. Sakaran ya karɓi igiya, ya damƙa wa lauya a gaban kowa.

"Ga tukwici. Mu ba a yi muna alheri mu yi shiru."

Buba na tsaye a gefe, ya yi fito sau ɗaya. Rago ya fizge, ya kayar da lauya, ya je ya sa kai a hammatar mai shi.

Alƙali ya leƙo ta taga.

"Kai! Ragon da ake shari'a a kansa ka kawo?"

"To ranka shi daɗe, mutumen da ko kaza bai da ita, ina za shi samo wani?"