Kifayen Kaka Sun Koɗe

"Lafiya lau, in dai wannan ake kira lafiya. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka turo yanke wuta."

Kaka na zaune a kujerar roba da aka ɗora wa matashi, gwiwarta ta kusa taɓa akwatin gilas ɗin kifayen. Jikanta mai fentin gidaje ne ya kafa mata shi, lokacin da ƙafa ta hana ta fita, ido kuma ya soma dushewa. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce hasken zai yi ta raguwa, magani sai dai ya rage masa gudu. Rubutu ne ya fara tafiya, daga baya fuskoki suka koma inuwa. Launi ɗaya ne ya tsaya mata, wato ja, kuma jajayen kifayen nan tana ganinsu kamar garwashi a cikin ruwa. To ga shi su ma sun soma komawa kalar ruwan wanke-wanke. Ba ta faɗa wa kowa abin da take tsoro ba. Ta dai ce abincinsu ne ba shi da kyau, ta aiki jikan ya nemo wani.

"Amarya, na ga kin ƙara kyau," in ji Mai Fenti.

"Ni ce ba na gani ko kai? Matso in ji warinka, in tabbatar kai ne." Ta ja iska ta hanci. "Fenti da gumi. Mijina ne. Allah ya saka mini a kan wanda ya haɗa ni da kai. Ina aiken da na ba ka?"

Ya ɗora mata ɗan gwangwani a tafin hannu. Ta auna nauyinsa, ta girgiza shi kusa da kunne.

"Wannan ɗan mitsitsin? Na aike ka abincin kifi, ka kawo mini gidan kwalli? Ina mai cika leda ɗin nan da ka saba kawowa?"

"Mai cika ledar ne ya kashe miki kifin nan naki, Sarkin Kwaɗayi. Kin manta yadda muka tsamo shi, ciki a kumbure, ya juya ƙasa sama?"

"Wa ya sayo na ledar?"

"Ni."

"To."

"Wa ya ce in nemo mai auki, kada in yarda a cuce ni?"

"Ni matarka ce na ce. Kai kuma da yake hula kawai kanka ke ɗauka, sai ka bi."

Mai Fenti ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna. "Saurara ki ƙaru, tsohuwa. Mai shagon ya buɗe mini duka biyu na gani. Na leda gari ne kawai da rini, daga buɗaɗɗen buhu ake aunawa, ba sunan wanda ya yi, ba ranar lalacewa. Shi ya sa ruwa ke yin ja, kifin yana yin fari. Irin fentin nan ne da nake ƙin shafa wa mutane, ruwan sama ɗaya ya wanke shi tas."

"Kai ɗin? Kai da ka shafa mini bangon ɗaki ya yi ta zubo mini a shayi?"

"Bangonki ne ya tsufa, ya ɗauko halin mai ɗakin. Wannan kuwa, abin da aka fara rubutawa a jikinsa garin kifi ne, sai jatan lande, sai wani koren tsiro na cikin ruwa. Su ne ke fito da jan. A rufe yake ruf, ni zan ɓare shi yanzu. Shinshina ki ji."

Ta kai hanci, ta janye da sauri. "Wari kamar takalminka."

"Haka mai kyau yake."

"Tsaya tukuna. Garin kifi ka ce? Kifi ya ci kifi? Za ka mayar mini da 'ya'ya mayu, su cinye junansu, in tashi in tarar da guda ɗaya ƙato yana jirana?"

"Ke ba za su ci ki ba. Suna da haƙoran tauna igiya ne?"

Ya miƙe ya ɗaga murfin akwatin don ya duba matatar ruwa. Ya zaro soson da ke ciki, ya tsaya yana kallonsa.

"Kaka, mene ne wannan fari-farin da ya toshe matata?"

"Auduga."

"Burodi ne."

"To in ka sani me ya sa kake tambaya, ɗan sanda?"

"Burodi kike ba su? Ni ina can ina zagin mai leda, ashe ɓarayin biyu ne?"

"Ina karyawa suna zuwa jikin gilas, su sa mini ido, baki a buɗe. Ni ba a haife ni in ci abinci wani na kallona ba. Ko kare ne sai na gutsura masa."

"Kullum bakinsu a buɗe yake, numfashi suke yi!"

"Kai ma kullum bakinka a buɗe yake. Na taɓa hana ka?"

"Ni ai ba a cikin ruwa nake ba. Burodi yana kumbura musu ciki, ya ruɓe a ƙasa, ruwa ya ɓaci. Abin da za su cinye nan take, shi kaɗai ake zuba musu. Ɗan tsinke tsakanin yatsa biyu."

"Marowaci. A haka za ka riƙe mace?"

"A haka na riƙe ki, ga shi kin ƙi mutuwa."

Kaka ta juya ga akwatin. Famfon iska na ta busa kumfa, ita kuma tana bin inuwoyin da ke wucewa a bayan gilas. Akwai tambayar da ta daɗe a bakinta, kuma ta san in ba yanzu ba, ba za ta iya yin ta ba.

"Kai, tsakaninka da Allah. Sun koɗe?"

"Sun koɗe."

"Ba don ka faranta mini ba?"

"Yaushe na taɓa faranta miki? Sun koɗe sosai. Malalacin nan da kika sa wa sunana ya koma kamar ɓawon albasa. Mai shagon ya ce in aka daina na leda, aka canza ruwa, aka kama ɓarauniyar burodi, jan zai dawo a hankali cikin 'yan makonni."

Ashe ba idonta ba ne. Ashe kifin ne. Ashe gari ne da rini da burodinta. Ta ji kamar ta tashi ta taka rawa, in da gwiwa za ta yarda. Ta ɗauki gwangwanin tana jujjuya shi kamar sabon jariri, ta kawo shi dab da fuskarta inda hasken taga ke faɗawa.

"To amma su ma masu kamfanin ba su da wayo," in ji ta. "Kana sayar da abincin da ke sa kifi ja, ka zana kifi mai kalar ƙasa a jikin gwangwani? Wa zai saya, in ba wawa irin mijina ba?"

Mai Fenti ya hau goge gilas. Shi da ko barci yake bakinsa ba ya hutawa.

"Da kai nake."

"Injin bugawarsu ne ba shi da kyau. Kin san irin waɗannan..."

"Mai Fenti."

"Na'am."

"Launi ne sana'arka. Kifin jikin gwangwanin nan, wane launi ne?"

"Ja ne, Kaka."

"Ja yaya?"

"Jawur. Irin na motar kashe gobara."

Ta ƙara kallonsa. Ta matsar da shi, ta nisantar da shi, ta rufe ido ɗaya. Ƙasa-ƙasa ne dai, kamar busasshen ganye. Ta sauke gwangwanin a cinyarta.

"To," in ji ta. "Shi ma burodi na ba shi?"

Bai yi dariya ba. Ta ji yana jan hanci a saman akwatin.

"Kai, kauce daga nan. Kifin ruwan daɗi ne, kada ka zuba musu gishiri. Ƙato da kai. Ni da idon ban yi kuka ba, sai kai ɗan rakiya?"

"Gobe mu koma wurin likita."

"Mu koma ya ce me? Ya riga ya faɗa, ni ce na yi ta jayayya da shi a cikin raina, na ɗora wa leda laifi. Zuba mini abincin nan a hannu."

Ya zuba mata 'yan ƙwayoyi a tafi, ya kama wuyan hannunta ya kai saman ruwa. Ta saki. Nan da nan ta ji ƙaramar ƙarar bakunansu, tap, tap, suna wawaso.

"Ji 'yan banza. Ko kunya ba sa ji, 'yan'uwansu suke ci."

"Za su yi ja, Kaka. Wallahi za su yi."

"Su yi. Ai ba don ni aka halicce su ba." Ta laluba bayan matashi ta zaro tsohon ɗankwalinta, wanda ta fi so, ta miƙa masa. "Wannan har yanzu ja ne?"

"Ja ne."

"Rataye shi a gefen gilas. Yadda kake kara launi da bango kafin ka shafa, haka za ka riƙa yi mini. Duk zuwan da ka yi ka kara su da shi, ka faɗa mini inda suka kai. Ranar da na kama ka da ƙarya irin ta injin bugawa, auren ya mutu."

"Ki samu wa? Wa zai kwashi wannan kaya?"

"Mai shagon kifi. Shi ya san abinci."

Sai a nan dariya ta kuɓuce masa, da majina da komai. Ita ma ta yi, gajeruwa, busasshiya.

"Ka ci, gwangwaninka ya fi ledata," in ji ta. Ta laluba ƙarƙashin kujera ta jawo sauran abincin ledar, ta haɗa da guntun burodin da ta ɓoye, ta tura masa a cinya. "Ungo ladanka. Je ka cinye. Kai ba ka da launin da zai koɗe."