Rasuwar Doña Petra, Motar da Ba Ta Bar Harabar Gida Ba

Da zuciya mai nauyi wadda baƙin ciki ya cika, ni Eleuterio Barragán na bayan layin dogo a garin Amarillo, a madadin iyalina, ina sanar da 'yan'uwa da abokan aikina na mayanka rasuwar motarmu mai ɗaki a ciki, wadda muke kira Doña Petra. Ta cika ranar Talata da hantsi a filin bayan gidanmu, tana da shekara talatin da ɗaya, saura kwana tara mu kama hanyar kallon gasar ƙwallon ƙafa ta duniya.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Tana da gado biyu, da murhu, da ɗan banɗakin da sai mutum ya shiga da baya. Shekara huɗu tana hannuna, ba ta taɓa buge kowa ba, ɗan sanda bai taɓa tsayar da ita ba. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa tun ranar da na shigo da ita ba ta sake taka titi ba. Kowace Lahadi in mun dawo coci nakan tayar da ita minti goma. Sai ta yi tari sau uku, kuf, kuf, kuf, sannan ta kama gurnani har tagogin gida su ɗauki rawa. In matata Ofelia ta ce mu ɗan zaga da ita ko bakin tafki ne, sai in ce ana hasashen ƙanƙara, ko tireloli sun yi yawa a hanya. Adana ta nake yi saboda babbar tafiya.

A kan teburinta muka tsara tafiyar, ni da 'yata Noemí, wadda ta tsare wa makarantarsu raga shekara uku. Daga nan zuwa Dallas, mu kalli wasa, sai Houston, sai mu tsallaka iyaka zuwa Monterrey inda aka haife ni. Na ja layi a taswira da jan biro, na zagaye kowane asibiti da ke kan hanyar.

Dole in faɗi wani abu a nan, tunda gaban gawa ba a ɓoye-ɓoye. Shekara biyu da suka wuce Noemí ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Houston, tafiyar awa tara daga gida. Na ce mata, “Ki bari sai bayan gasa. Ni da kaina zan kai ki a cikin Doña Petra, in ga ɗakin da za ki zauna, in duba makullin ƙofar.” Ta ɗaga karatun. Bara ma ta sake ɗagawa. Yarinyar tana nan tana ninke kayan mutane a shagon wanki tana jiran mota. A wannan karon makarantar ta rubuto cewa in ba ta bayyana ranar Litinin mai zuwa ta cike takardu ba, gurbin ya zama na wani.

Ciwon ajali ya fara ne Lahadin da ta wuce. Na murza makulli, ba tari, ba gurnani, sai wani ɗan ƙas, ƙas. Ranar Talata na kira Fidencio makanike, wanda ya riƙe Noemí ranar baftisma. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito da sheƙar ɓera a hannu.

“Teyo, man da ke tankin nan ya girmi jikana,” in ji shi, da sunan da ya saba kirana. “Ɓeraye sun cinye wayoyi, tayoyi sun tsattsage a tsaye. Wa ya ce maka ana ajiye mota kamar hoton aure?”

“Ai lallaɓa ta nake yi.”

“To ka lallaɓa ta har lahira.” Ya goge hannu, ya dubi lungun da na shigo da ita ta ciki, ya daɗe yana kallo. “Tsaya ma tukuna. Ko da ta tashi, ta ina za ta fita?”

A lungun nan ne muka gina wa surukata Doña Eduviges ɗaki bara waccan, ni da ƙannen Ofelia, Asabar bayan Asabar, ana gasa nama ana jera bulo. Da ƙafa muka auna hanyar da za mu bar wa mota, kuma ƙafar ɗayansu, Rutilio, muka yi amfani da ita, wanda duk danginsu ba mai gajartarsa. Fidencio ya ja tef. Hanyar ta gaza faɗin motar da taƙi biyu.

Surukata ta leƙo ta taga ta ce, “Wanda ya taɓa mini bango, da ni zai haɗa ya rusa.”

Noemí na tsaye a bakin ƙofar kicin. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, “Baba, ni na auna tun bara.”

“Kika yi shiru?”

“Ina jira in ga ko kai ma ka sani.”

Har yanzu da nake wannan rubutu ban san amsar ba. Na san dai kullum ta lungun nake bi in fitar da shara, kuma ban taɓa yarda idona ya tsaya a wurin ba.

Marigayiya ta bar ni, da Ofelia wadda ta riga ta ɗaure tamale, wato alalen masara irin namu, har ɗari da ashirin na guzuri, da tutoci biyu, da tukunyar gas cike, da iyalin ɓeraye da ba mu san yawansu ba. Ta kuma bar Noemí, wadda ta shiga ɗaki a ranar ta fito da akwatinta ta ajiye a falo, inda kowa zai gani. Na ce mata motar haya ba ta da tabbas, kuma ba a san wanda mutum zai zauna kusa da shi ba. Ta ce, “Na sani, Baba. Ka faɗa mini tun ina aji ɗaya.”

Za a yi jana'iza ranar Asabar a inda ta cika, tunda ba ta fituwa. Fidencio zai zo da mai walda a yanka ta gunduwa-gunduwa, a fitar da ita ta lungu a kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ana roƙon maza su zo da safar hannu. Kada kowa ya kawo abinci, akwai tamale.

Za a fara da ƙarfe goma. Ba za a iya farawa kafin haka ba, domin ƙarfe takwas zan kai Noemí tasha. Ta yarda in ɗaukar mata akwati har bakin mota, da sharaɗin ba zan yi wa direba tambayoyi ba. Duk wanda ya ga na dawo idona ya yi ja, don Allah ya yi mini ta'aziyyar mota kawai.